Ranar da Kaka ta soya sararin samaniya

Ina aji biyar na sakandare malamin fizis ya ce kowa zai yi bayanin minti uku gaban aji, da maki. Ni kuwa ko sunana aka kira sai muryata ta maƙale. Na yanke shawarar kai abin da zai yi magana a madadina.

Yayata, mai digiri na biyu a fizis, ta ba ni dabara. Ta ce farkon halitta ƙananan ƙwayoyi sun yi ta karo da juna, sannan sarari ya buɗe ya raba su. Ba wanda ya ga karon. Amma yadda taurari suka jeru yau bai manta da shi ba, kuma lissafin jerin yana ɗauke da na karon da masana ke sa ƙwayoyi su yi a injin bincike.

Da safe na kwaɓa fulawa da yis, na saci habbatus sauda ta Kaka, na jera ƙwayoyin biyu-biyu a kai. In ƙullin ya tashi za su rabu, aji ya gani da idonsa, ni in yi shiru. Na rufe kwanon a rana, na tafi guga.

A gidanmu na Ƙofar Kware ƙullin da ya tashi ba ya jiran mai shi. Na fito na tarar da Kaka gaban kasko, tana soya shi fanke.

"Kaka, sararin samaniya ne fa."

"Shi ya sa ba ki sa mai sukari ba? Wa za ya ci wanga abu?"

"Na makaranta ne."

"To kai musu da zahi. Kuma ki maido min habbatuna."

A keke har makarantarmu a Arkilla ina rungume da fanke goma sha ɗaya. Na lura a wasu, ƙwayoyin suna nan biyu-biyu, sun ɗan nisanta kawai.

Gaban aji na buɗe kwanon, aka fara dariya. Babu abin da zai tashi, dole na buɗe baki. Na ce su ma masanan a makare suka iso, sun tarar an gama suya, daga tabon da ya rage suke gano wace ƙwaya ta taɓa wacce. Na ɗaga fanke ɗaya na nuna. Haka dai har na cika minti uku.

Malam ya rubuta makina, ya ɗauki hujjar ya gutsura.

"Bayani ya yi," in ji shi. "Sararin ne babu sukari."