Agogon Bakin Rijiyarmu

Agogon farko da na gani a duniya matacce ne. Ban san haka ba sai da furfura ta fara fito mini, ranar da malaminmu na yaƙi da jahilci ya zana agogo a allo, ya ce tsinkayen nan biyu tafiya suke yi. Na ce, "Kullum, malam?" Ya ce kullum, in dai yana da rai. Ran nan ban iya cin tuwo ba.

Garinmu yana yamma da Tanut. Rijiya ɗaya gare mu, mai zurfi, sai da takarkari ake jan wasaki, babban gugan fata. Da bazara kowa a kanta yake, mu manoma da 'yan shanunmu, da Fulani, da Buzaye masu raƙuma. Babana ne ke raba lokacin shayarwa. Ya kafa sanda a fili kusa da kwamin shayar da dabbobi, ya jera duwatsu bakwai a gindinta. In inuwa ta taɓa dutse, masu ja su kwance takarkarinsu, na gaba su ɗaura. Duk bayan 'yan kwanaki yakan matsar da duwatsun, a gaban mutane. Ana faɗa, ban ce ba a yi ba, amma faɗan ba ya nisa, don inuwa a ƙasa take, mai ido ɗaya ma yana ganinta.

Ina da shekara kamar goma sha bakwai, lokacin da kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ke rangadi bisa raƙumi, sai ɗan mai gari ya yi masa jagora zuwa rijiyoyin arewa. Ya komo da agogo mai sarƙa, ya ce kyautar kumandan ce. Kashegari ya zo rijiya ya tuge sandar, ya ture duwatsun da ƙafa.

Babana ya ce, "Yaro, me sanda ta yi maka?"

Ya ce, "Baba, ka huta. Rana ta shiga aljihuna."

Aka yi dariya. Har ni na yi, Allah ya yafe mini, don abin ya ba ni sha'awa.

Daga nan shi ke zama a kan gungume, ya ciro abin, ya buɗe murfi, ya daɗe yana dubawa, sa'annan ya ce wane ya kwance. Shanun gidansu sukan sha daga asuba har hantsi ya ɗaga. Wanda ya kawo cuku ko ɗan akuya, lokacinsa ya yi tsawo. Mu aka mai da mu ƙarshe, dab da magariba, lokacin da wasaki ke fitowa rabi ruwa rabi laka. Shanu shida gare mu. Ni ke kora takarkari, kuma kafin in yi ja goma sai in ji muryarsa, "Ya isa, agogo ya ce ku kwance."

Da haƙarƙarin shanun ya fara fitowa, babana ya tsaya gaban ɗan mai gari da hantsi, mutane cike, ya ce a nuna masa lokacin nan da ake raba wa mutane. Ɗan mai gari ya miƙa masa ba musu. Babana ya riƙe shi a tafin hannu, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"To, Baba, me ya ce maka? Ko bai iya Hausa ba?"

Wani daga baya ya ce, "Nasaranci yake ji, tsoho. A kawo tafinta!"

Ina tsaye a kafaɗarsa, na gani da idona. Gajeren tsinke yana duban sama, dogon yana duban ƙasa. Bayan kwana biyu na sake leƙawa da la'asar, suna nan yadda suke. Na ɗauka ado ne, irin zanen ƙwarya.

Babana ya je wurin mai gari, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a mai da sanda, ko da wani ne zai riƙe ta." Mai gari ya ce shi ba zai aika wa kumandan cewa icce ya fi kyautarsa gaskiya ba. Maganar ta ƙare nan.

Har yau ban san ko ɗan mai gari ya san abin ba ya motsi ba. Wani lokaci ina ganin ya sani. Wani lokaci ina ganin shi ma duba kawai yake yi, ya faɗi abin da ransa ke so. Ya rasu tuntuni, ba wanda zan tambaya.

Ruwan sama bai zo da wuri ba shekarar nan. Babana ya ce mu kora shanun zuwa wata rijiya wajen Gangara, inda kawuna yake, tafiyar kwana biyu. Wata saniyarmu mai ciki ta faɗi tun ranar farko, muka yanka ta a hanya. Biyu suka kwanta kashegari, muka ɗaga su da sanduna suka ƙi tashi. Da uku muka isa. Babana bai sake taka garinmu ba, can muka binne shi.