Gudun Kawu Abdussalami

Kawuna Abdussalami manomin auduga ne a ƙauyenmu kusa da Sinnar. Yana da hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa, da mata, da 'ya'ya, kuma ba ya fashin jam'i. Abin da ya jawo masa shi ne gudu.

A wurinmu babba ba ya gudu sai in gobara ta tashi ko ruwa ya ɓalle. Shi ya sa ranar da aka fara ganinsa, cikin sanyin 1963, ya fito daga sallar asuba ya tattare jallabiya ya zuba a guje a kan gaɓar magudanar ruwa, maza suka bi shi da fartanya da buhuna. Sun zaci gaɓar ce ta fashe. Suka iske shi a bakin gada yana haki, tururi na tashi daga kansa, ruwa kuwa na tafiya lafiya lau.

"Ina ɓarnar?" in ji Alhasan, yayansa.

"Babu."

"To mi ya koro ka?"

"Ba kowa, Yaya. Daɗi gare shi. Sanyi na yankan kunne, ƙirji ya buɗe. Gwada ka ji."

Wani tsoho ya yi salati ya ja da baya.

Kullum safiya sai ya fita. Mata suka daina aiken yara ɗibar wuta a gidansa. Aka fara cewa iskokin ruwa ne suka shige shi. Matarsa Yalwa ta roƙe shi: "Malam, riƙe ko fartanya ce, a ce ruwa za ka buɗe wa gona."

"In na riƙe fartanya ya zama aiki. Aikin da nike da shi ya ishe ni."

Alhasan ya faɗa masa a gaban dattawa: ko ya bari, ko a kai shi wurin shehin da ke ɗaure masu taɓin hankali. Kawu ya yi dariya. "Ya zol, bawan Allah, je ka duba hawashata, ka gani in ta mahaukaci ce."

Ya ɗauka wasa ne. Wata safiya yana dawowa jiƙe da gumi, 'yan'uwansa suka tare shi, suka ɗaure masa hannu da rawani, suka ɗora shi a lori. Ina tsaye a ƙofar gida da buta a hannu. Bai yi kokawa ba. Kallonsu kawai yake yi, yana kiran sunan kowannensu.

Sai bayan an gama cirar auduga aka dawo da shi. Marin ƙarfe ya ci idon sawunsa na hagu, ciwon ya ruɓe, jijiya ta ƙage. Mutane suka yi ta shigowa suna yi masa barka da samun lafiya. Alhasan ya yanka rago.

Ya rayu har 1978 yana jan ƙafa zuwa gona, kuma ba wanda ya sake shakkar hankalinsa.