Allon Gona Biyu

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kafa allon takin zamani a bakin kasuwar garinmu ba. Shekarar canjin kuɗi ce ta zamanin soja, wadda mutane suka riƙa yini a layin banki da tsofaffin takardu a cikin hula, ruwan sama kuma ya ɗauke tun dawa ba ta kai gwiwa ba.

Lokacin ina mataki na uku a sashen gona na ƙaramar hukuma, wato sama da masinja kaɗan. Aikina rubuta alluna. An ɗauke ni ne saboda hannuna na ajami, don manoman wajenmu ba su damu da boko ba. Mu biyu ne a ɗakin fenti, ni da Malam Ɗanlami, wanda ya girme ni a shekaru da kuma sana'a, don ya taɓa zanen motoci a birni. A watan ne takarda ta zo cewa za a rage ma'aikata, kuma kowa ya san ɗakin fenti ba zai ci gaba da ɗaukar mutum biyu ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Shi yana da shida.

Shugaban sashenmu, Alhaji Sabo, ya kira mu ranar wata Litinin ya ce Kantoma zai zo ranar Laraba ya buɗe makon wayar da kan manoma. Kantoma shi ne wanda soja suka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma, ba zaɓe ba shawara. Ana son babban allo mai gona biyu: ta dama wadda aka zuba wa takin zamani, ta hagu wadda ba a zuba wa ba. Takin kansa kuwa rabon da a gan shi a sito tun bara, amma wannan ba ya cikin abin da aka ce mu zana.

Aka ba mu wani sabon fenti da ake kira akirilik, gwangwani huɗu ƙanana: fari, ja, shuɗi da ruwan ɗorawa. Mu mun saba da fentin mai, wanda ake sirkawa da kananzir, ya yi kwana biyu bai bushe ba. Wannan da ruwa ake sirka shi, kafin ka idar da sallar azahar ya bushe, sai ka ɗora wani a kai. Ɗanlami ya san shi. Ya ce mini, "Habu, kore ba a sayensa, haɗa shi ake yi. Ɗorawa za ka fara zubawa, sannan shuɗi ɗigo-ɗigo. Kuma kada ka yarda da abin da ka gani yana ɗanye, yana ƙara duhu in ya bushe."

Na ɗauki gonar dama, ya ɗauki ta hagu. Shi sai ya fara shafa launin ƙasa, ja da ɗorawa da ɗan shuɗi, ya bari ya bushe. Ya ɗora ɗorawa mai ruwa-ruwa, ya sake jira. Sannan ya bi da kore siriri, yadda na ƙasa ke leƙowa ta cikin ganye. Hawa biyar ya yi. A ƙarshe ya haɗa ja da shuɗi da fari ya ɗiɗɗiga furen ƙuduji a gindin dawa, ciyawar nan da ke tsotse gonar da ta gaji.

Ni kuwa Alhaji Sabo ya ja kujera ya zauna a bayana.

"Malam Habu, wannan koren na yunwa ne. Ƙara shuɗi."

"Ranka ya daɗe, in ya bushe zai yi duhu."

"Kai ne ka karanta ilimin gona ko ni?"

Na ƙara. Ya ce in ƙara. Rabona na shuɗi ya ƙare, Ɗanlami ya turo mini nasa da ƙafa, abin da ya sa tasa gonar ta ƙara ɗorawa ke nan. Na lafta fentin hawa ɗaya mai kauri kamar ana yaɓe. Da ya bushe washegari, dawata ta koma launin ruwan baba na karofin marina.

Ranar Laraba muka kafa allon, na riga na rubuta bayani a ƙasa da boko da ajami. Kafin manyan baƙi su iso manoma sun taru, kuma duk a ɓangaren hagu suka tsaya. Wani dattijo ya sa sandarsa a kan zanen ya ce, "Wannan ai gonata ce. Wa ya nuna muku hanya?" Wani ya ce a'a, tasa ce, ga ƙudujinsa nan. Aka yi ta dariya. Sai dattijon ya juyo ga tawa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan kuma baba aka shuka? Allah ya sa marina su saya."

Kantoma ya sauko daga mota ya tarar da dariyar. Ya tsaya gaban gonata ya ce wannan ita ce irin gonar da gwamnati ke nufi. Da ya koma hagu fuskarsa ta sauya, don irin gonakin da ya ratso ne tun daga Dawanau. Ya ce wa aka sa ya zana abin kunya ya kafa a bakin hanya. Alhaji Sabo ya ce ai an gargaɗi mai zanen bai ji ba, sannan ya waiwayo. "Malam Habu, ba kai ma ka ce masa ya gyara ba?"

Na ce, "Na gaya masa, ranka ya daɗe."

Ban gaya masa ba. Allah ya sani, Ɗanlami ma da ke tsaye riƙe da guduma ya sani. A nan take aka umarce ni in shafe gonarsa da koren nan nawa, aka sauya rubutun, allon ya koma gona ɗaya babba. Ƙarshen wata sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Ni aka ƙara mini mataki.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina istigfari a kan kalmomin nan, na kuma san hakkin ɗan Adam ba ya sauka sai mai shi ya yafe. Wata rana na tafi Dawanau sayen wake, na hango Ɗanlami a kan tsani yana zana zaki a bayan wata babbar mota. Yana da rumfarsa, direbobi na jiran layi. Na yi sallama, muka gaisa. Na matsa na ce a hankali, "Yaya Ɗanlami, ƙarya na yi maka ranar nan. Kuma gonar da ka zana ta fi tawa."

Bai daina shafa gashin zakin ba. "Ban ji ba, Habu. Injin nan ya cika ƙara."

Babu injin da ke kunne. Na ɗaga murya na maimaita, direbobi da 'yan dako suna ji, har na ba su labarin tun daga farko. Sai ya sauko, ya goge hannu a riga ya miƙo mini. "A gaban jama'a ka karɓe mini mutunci, a gaban jama'a ka mayar. Na yafe. Har yanzu ana biyanku albashi a can?"

Na ce wata uku ke nan ba mu gani ba. Ya aika aka kawo mini shinkafa da wake.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku koyi haɗa launi da jiran kowane hawa ya bushe, don shi ne sana'ar. Amma ku sani a ofis ba kullum aiki mai kyau ke riƙe wa mutum kujera ba. Ni na riƙe tawa har na yi ritaya, kuma ban taɓa zana abin da wani manomi ya ce gonarsa ce ba.