Hannun Daman Baba Barau Mahauci

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 25 ga watan Yunin 2025, ina tsakiyar zagayen majinyata a asibitinmu na Birnin Kudu, Inna Zuwaira ta kira ni daga Gwaram ta ce mijinta ya cika. Malam Barau Mahauci ya rasu da hantsi a gidansa, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sake dawo masa. An yi masa sutura bayan Azahar. Ko da na isa, har an dawo daga maƙabarta.

Baba, ni ce likitarka a watanninka na ƙarshe, amma ka san ni tun ban san mene ne asibiti ba. Ina ƙarama mahaifinmu ya rasu, ya bar mahaifiyarmu da 'ya'ya mata zalla. Babbar Sallar farko bayan rasuwarsa, kawunmu ya aiko mana da rago daga Kano. Muka ɗaure shi a tsakar gida, muna kallonsa yana kallonmu, don kowane namiji a unguwa yana fama da nasa. Sai ga sallamarka a zaure, da wuƙaƙenka naɗe a tsumma. Ka yanka, ka feɗe, ka rataye, ka wanke hannu ka fita. Mahaifiyarmu ta bi ka da tsoka, ka ce ta ba yara. Daga baya na gane ba mu kaɗai ba ne. Duk gidan da babu namiji a wannan yanki na Gwaram, kai ne mai yankansa, kuma naka ragon sai ka gama da namu kake komawa kansa. Inna Zuwaira ta sha yin mita cewa gidan mahauci ne ke riga kowa ɗaure rago, kuma shi ke bayan kowa cin nama.

Ana gab da ɗaukar azumin bana aka kawo ka a kwance bayan mota, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ka, kai kuma kana shan magani ranar da ka ga dama. Na yi maka faɗa a kan wannan har sai da abokan aikina suka tuna mini cewa majinyaci ne a gabana.

A lokacin muna wani bincike a sashenmu. Akwai sinadari a jini da ake kira yurik asid. Jiki ne ke samar da shi, yana kuma ƙaruwa da cin irin su hanta da ƙoda da sauran kayan ciki, ƙodar mutum kuma ta tace shi ya fita ta fitsari. Idan ya taru, shi ke kumbura gaɓoɓi, kamar yadda babban yatsan ƙafarka ya yi shekaru yana hana ka sa takalmi kana cewa sanyi ne. Muna auna shi ga duk wanda aka kawo da shanyewar jiki idan ya yarda, sannan mu bi shi bayan watanni mu ga wa ya tashi, wa ke ciyar da kansa, wa kuma Allah ya karɓa. Naka ya fito sama ƙwarai, abin da bai ba kowa mamaki ba ga mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin mayanka da tukubar balangu.

Ba zan manta da 'yan dubiyarka ba. Mahautan Gwaram suka cika mota suka zo, kowa riƙe da kular farfesun hanta da ƙoda, wai don ka yi jini ka samu ƙarfi. Ƙauna ce tsantsa, na sani, amma raina ya ɓaci, na tsaya a bakin ƙofa na mayar da kulolin nan ɗaya bayan ɗaya. Kana kwance kana kallo, da harshenka da ya yi nauyi ka ce musu, "Ku bi ta a hankali, 'yata ce. Ta mai da mahauci mai cin zogale." Ɗakin ya ɗauki dariya, har da ni da nake fushi.

Kai ne kuma ka shawo mana kan wani manomi daga Sundimina da ke gadon kusa da kai, wanda ya rantse ba za a ɗebi jininsa ba don bai san inda za a kai shi ba. Ban san abin da ka faɗa masa ba. Na dai dawo na tarar ya naɗe hannun riga yana jira, kai kuma kana riƙe da ɗaya hannun nasa da hagunka.

Tambaya ɗaya ka riƙa yi mini, tun kana kwance har aka sallame ka kana dawowa gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye. Ba ka taɓa tambaya ko za ka mutu ba. Abin da ya dame ka shi ne hannun dama.

"Likita, wannan abin da kika auna, me ya ce? Hannun zai riƙe wuƙa kafin Layya?"

Na ce maka ban sani ba. Na yi maka bayani cewa masu bincike a wasu wurare sun ga waɗanda sinadarin ya yi wa yawa sun fi shan wuya bayan ciwon, wasu kuma sun ga kamar yana ɗan kare ƙwaƙwalwa a farkon faruwar abin, kuma dalilin da ya sa muke bin mutanenmu ke nan, don mu ga yadda abin yake a nan. Ka ce ashe karatun ma yana da inda ya tsaya. Na so in ce maka e, zai riƙe. Wallahi na so. Amma mutumin da bai taɓa sayar wa kowa naman da ya kwana da sunan na yau ba, ban ga ta inda zan yi masa ƙarya ba.

Ka yi ƙoƙari, Baba. Ka bar kayan ciki, ka riƙe maganin hawan jini, kana hawo mota daga Gwaram zuwa gashi ba fashi. Ƙafar ta dawo, har ka ajiye sanda. Sinadarin ma ya sauka. Hannun ya kai ga ɗaga kofi da jan carbi, amma yatsun ba su damƙa yadda kake so. Na ba ka shawarar ka gwada hagu, ka ce hannun da bai saba ba zai wahalar da dabba, kai kuma ba ka koyi yanka don ka wahalar ba.

Ranar Babbar Sallah ina gida a Gwaram. Bayan an sauko daga idi, sai ga sallamarka a zaurenmu kamar kowace shekara, ƙaninka Ɗayyabu yana biye da kai. Ya kayar da ragon ya danne. Ka durƙusa, ka fuskanci alƙibla, ka ɗauki wuƙar da dama. Ina tsaye ina ganin yatsun sun kasa damƙarta sosai. Ka ɗora ta a wuyan ragon, ka daɗe a haka, sannan ka ɗaga ta ba tare da ka ja ba, ka miƙa wa Ɗayyabu. Mahaifiyarmu ta koma ɗaki, na ji tana kuka. Kai kuma ka zauna a kan turmi, hawaye na bin gemunka, kana gaya wa Ɗayyabu inda zai fara fiɗa. A haka kuka zaga duk gidajen da ka saba, shi yana yanka, kai kana zaune.

Kafin ku fita daga gidanmu ka kira ni gefe.

"Idan kin koma, ki faɗa wa abokan bincikenki hannun bai dawo ba. Kada ki gyara maganar don ni ne. In ana buƙatar jinin, a sake ɗiba. Wanda zai zo bayana ya tambaye ki, ina so ki samu abin faɗa masa."

Na faɗa yadda ka ce, Baba. Yanzu kuma dole in ƙara da cewa ka rasu, kuma wannan ya fi mini nauyi fiye da duk abin da na taɓa ɗauka a aikin nan. Binciken bai ƙare ba. A makon nan ma wani tela daga Yalwan Damai ya tambaye ni ko hannunsa zai koma kan keken ɗinki, na ce masa ban sani ba tukuna, na fita na tsaya a baranda har na samu natsuwa.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Barau, ka gafarta masa, ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba shi littafinsa a hannun dama, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zuwaira, da 'ya'yansa Badamasi da Bara'atu da Khuzaima, da Kawu Ɗayyabu, da dukkan mahautan Gwaram. Ina kuma yi wa mahaifiyata ta'aziyya, da sauran iyayenmu mata da suka yi shekaru ba su taɓa kwana da tunanin wa zai yanka musu ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Dakta Ummussalma Badaru
Birnin Kudu