Yadda Kawu ya kusa kai mu Dirku

Agadas

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da Inna da ƙanenta Kawu Alhaji Bubakar. Ciwon yana ya rufe idon Inna duka biyu, likitan ido kuma ya ba mu randebu, wato lokacin ganinsa, a Yamai washegari da safe. In muka rasa shi, sai bayan damina. Kawu ne ya naɗa kansa jagora, wai shi ya je Makka sau biyu, jirgi ba baƙonsa ba ne. Tun cikin taksi yake koya wa mai tuƙi hanyar filin jirgi, mutumin da nan yake wuni!

Filin jirgi

Jandarma suka duba takardunmu, aka auna jakunkuna, aka ba kowa kartin shiga jirgi. Kawu ya karɓe namu ya cusa a aljihun babbar riga, kamar mai raka amare tasha.

Jirage biyu ne a fili, da ƙafa ake zuwa wurinsu. Sai ya hango Alhaji Sidi, maƙwabcinsa a kasuwa, cikin layi. Shi ke nan, aka hau gaisuwa da tambayar iyali da kukan tsadar sukari, mu kuma muna biye kamar awaki. Ko ya ce masa ina za ka? Ina!

A ƙofar jirgin wata ma'aikaciya ta miƙo hannu.

"Alhaji, karti."

"Sau nawa za ku duba? Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nake hawan jirgi."

"Sai na gani, Alhaji. Daga nan ba mai sake dubawa sai an sauka."

Ya zaro su yana tsaki. Ta duba, ta ɗago kai.

"Wannan Dirku za shi, can cikin hamada. Naku ga shi can."

Na waiwaya, ga na Yamai ana shirin janye masa matakala. Inna ta damƙe hannuna tana cewa, "Hadiza, lafiya? Mun iso?" Ma'aikaciyar ta yi magana a rediyon hannu, suka dakata. Haka na sauko da tsohuwa taki ɗaya-ɗaya, zufa na karyo mini. Jagoranmu kuwa tuni ya tattare riga ya yi gaba, bai ko waiwayo yayarsa ba.

Yamai

Mun sauka da azahar, muka kwana gidan wata ƴar Agadas da ke aure can. Dambun zogale ta yi mana, Inna ta kasa ci don fargaba. Kawu ya cinye nasa da nata. Da safe aka yi aikin ido ɗaya, likita ya ce ɗayan sai ya huta.

Komawa

Babbar motar fasinja muka shiga, muka biyo ta Tawa, hanya ta jijjiga mu har ƙashi. Kafin mu iso, Kawu ya gama ba duk motar labari cewa shi ne ya lura jirgin ba namu ba ne. Na bar shi da labarinsa, kawu kawu ne.

Muna shiga gida autata ta rugo. Inna ta riƙe ta, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ashe haka kike? Ni da hannu kawai na san ki." Na shige ɗaki na yi kukana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya maido mu lafiya. Ma'aikaciyar nan ta ƙofar jirgi, ko sunanta ban tambaya ba, Allah ya saka mata da alheri.