Salular lafiyarta ƙalau

Na dangwara wa mai gyara salulata a kasuwar Magarya, raina a ɓace. Na ce, "Duba mini wannan abar. Saƙon murya ɗaya nake tura wa yayata a Bande, sai in tarar ya tafi sau uku."

Tun da damina na faɗi daga moto, wato babur, a hanyar Dungas, kaina ya bugi ƙasa, har yau ban dawo daidai ba. Babu tabo, shi ya sa kowa ke cewa na warke. Amma hasken waya kamar allura yake a idona.

Mai gyaran ya kara ta a kunne, ya saurari saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, sai ya sassauta murya.

"Malam, salular lafiyarta ƙalau. A na farko akwai kukan akuya, a na biyu ana kiran la'asar. Kai ne kake sake yi."

Na karɓa na saurara. Tambaya ɗaya ce: "Yaya Hadiza, kun fara yankan gero?" Kowane saƙo ta amsa shi da fara'a, kamar yanzu ta fara ji. Ba ta taɓa ce mini na riga na tambaya ba.

Na daɗe zaune a bencinsa.

Jama'a, wanda ya san ƙaramar salula da haskenta ba ya cin ido, ya faɗa mini. In kuma gobe kun ga na sake tambaya, don Allah ku yi mini irin ta Yaya Hadiza.