Ƙwaryar Fura a Kan Yaya Sabo

Ranar Juma'ar makon da muka koma makaranta bayan hutun Kirsimeti, a shekarar da aka fara kamen masu mashin a kan hular kwano, na dawo gida da jakar littattafaina ta buhu, na tarar da wana, Yaya Sabo, zaune a bakin kwatar gidanmu na Nyanya. Ya kife ƙwaryar furar Inna a kan gwiwarsa yana shafa mata baƙin fenti da tsumma. Ya riga ya huda ta gefe biyu da ƙusa mai zafi, ya zura robar tsohon tib na taya ya yi mata maɗauri. Da fentin ya sha iska sai ya kifa ta a kansa, ya leƙa madubin mashin, ya gyara mata zama kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure. Ina ɗan aji huɗu a lokacin, kuma a idona babu abin da Yaya Sabo zai ɗora a kansa ya yi masa muni. Mama Ladi ce, wata dattijuwar Gbagyi da ke kawo wa Inna itace, ta tsaya a tsakar gida da daminta a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta daɗe tana kallonsa. "Yaro, wannan na fura ne," in ji ta. "Mu ko itace ba mu sa ma kai. Kai kuma ka ba ƙwarya gadin naka." Ya yi dariya, ya tada mashin ya fita.

Gidanmu na haya ne mai doguwar baranda, ɗakuna suna kallon juna, kowace ƙofa da harshenta da ƙamshin miyarta, amma in an fito layin banɗaki da safe kowa Hausa yake yi, ko ta karye ko ta miƙe. Baba yana gadi a wani gida a cikin garin Abuja, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Inna tana suyar ƙosai a ƙofar gida, ni ne mai kai niƙan wake kafin in tafi makaranta, ni ne mai bin layin burtsatse da jarka biyu in na dawo. Da damina akwai 'yar gonar masarar da ta kama a gangaren rafi, inda nake korar awakin mutane har in manta da cin abinci. Abin da ya rage na yini kuwa na wasa ne. Mukan yi langa a filin makaranta, mu yi tseren gare da tsofaffin tayoyi, mu ƙera mashina da gwangwanin madara, mu yanka musu tayoyi daga silifas ɗin da aka yar. A duk ayyukan gida guda ɗaya ne ba a taɓa kirana sau biyu a kansa ba, shi ne wanke mashin ɗin Yaya Sabo.

Da rana okada yake yi kamar ɗaruruwan samarin da suka cika Nyanya tun da aka hana su shiga cikin gari. Bayan la'asar ne yake zama wani mutum daban. Yakan je filin bayan makarantarmu ya ba mashin wuta, ya ɗaga kansa sama, ya tafi a kan tayar baya kaɗai tun daga ragar 'yan ƙwallo har bakin kwalbati, ya juyo bai sauke ba. Wasu ma suna ɗagawa, amma nasu fizga ce da addu'a. Shi kuwa a natse yake yi, har yana iya waiwayowa ya ɗaga mini gira.

Ba rashin hular kirki ne ya kai shi ga ƙwarya ba. Da aka soma maganar kamen, Inna ta kwashi adashenta ta sa aka sayo masa hular kwano ta gaske, ja, mai gilashi a fuska da soso a ciki. Yini ɗaya ya yi da ita. A bakin tasha akwai wata majalisa gefen mai shayi, ta waɗansu magidanta da ban taɓa ganin ɗayansu da gumi a goshi ba. Babu wanda ya iya ko keke a cikinsu, amma su ne alƙalan duk wanda ya hau mashin a unguwar. Babbansu wani Tanko ne da ake kira Ciyaman, ko da yake babu wanda ya san abin da yake shugabanta in ban da bencin. Shi ne ya hango jar hular ya ce, "Jama'a a ba da hanya, ga ɗan sama-jannati ya sauko." Kafin magariba sunan ya zaga tasha. A hukuncin wannan majalisa, mai sa hular gaske matsoraci ne, mai kifa ƙwarya ko bokitin fenti kuwa namiji ne da ya yi wa doka wayo. Su ne kuma suka riƙa yaɗa cewa ana sa asiri a cikin hular kwano, wai fasinjan da ya sa ta zai koma doya. Manya da gemunsu suna rantsuwa a kan haka, alhali ko doyar ɗaya ba su taɓa nunawa ba.

Hular sai ta dawo kaina. Duk ranar da Yaya Sabo zai koya mini wasan, wanda da keken wani maƙwabcinmu muka fara, sai ya cusa tsumma a cikinta don ta yi mini yawa, ya ɗaure mini ita tam har haɓata ta yi zafi. In na ce ni ma ƙwarya nake so, sai ya ce, "Kanka bai yi ƙwari ba tukuna." Karatunsa duka bai wuce magana ɗaya ba, ya maimaita mini ita har na haddace ta kamar Fatiha: "Hannu ke ɗaga mashin, ƙafa ke sauke shi." Wato komai daɗin tafiya, kada ƙafar dama ta rabu da birkin baya, don in mashin ya zarce zai kife da kai ta baya, wannan birkin kaɗai ke dawo da shi ƙasa. Na ga ya fasa wasa sau da yawa don kawai bai gamsu da birkin ba. Wanda ya san wannan ba za a kira shi mai ganganci ba.

Bayan Sallar layya ta wannan shekarar wani ɗan okada ya yi aure, abokan sana'a suka rako ango filin makaranta da jerin mashina, ana oda ana ƙona taya. Majalisar bakin tasha ta taso gaba ɗaya, don ba a barin su a baya wurin shinkafar biki. Yaya Sabo ya yi wasansa, ya yi kyau, mata suka yi guɗa, har ya kafe mashin yana shan ruwa. Ina tsaye kusa da shi lokacin da Ciyaman ya ɗaga murya da cinyar kaza a hannu, ya ce, "Iyakarta ke nan? Yaran Mararaba a tsaye suke yi a kan sirdi. Ko sai an ɗauko maka hular sama-jannatin?" 'Yan bencinsa suka kwashe da dariya, taro ya ɗauka. Tsayuwa a kan sirdi tana nufin ƙafa ta bar birki, kuma duk filin nan babu wanda ya san haka kamar Yaya Sabo. Na ga ya dubi mashin ɗin, ya dubi mutane. Ya miƙo mini ledar ruwan, ya gyara ƙwaryarsa ya hau.

Ya ɗaga, ya miƙe tsaye, ya yi tafiya mai ɗan nisa a haka, mutane suna ihu. Wajen bakin kwalbati mashin ya zarce. Ƙeyarsa ce ta fara isa siminti, ƙwaryar ta tarwatse kamar ɓawon ƙwai. Kafin in kai wurin, filin ya yi fayau. Masu cewa a yi a tsaye duk sun cika wandonsu da iska, kada 'yan sanda su zo neman shaida. Mama Ladi ce, da ke wucewa da itacenta, ta yar da damin ta kwance mayafinta ta tallafe kansa, ta tsare wani mai Keke Napep da faɗa har ya yarda ya kai mu asibiti.

Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, jikinsa ya dawo amma rabin abin da ke kansa ya tafi. Ya san Inna, ya san sallah, ni ma yakan gane ni a matsayin yaron gidan. Mashin kuwa ko sunansa bai tsaya masa ba. Ciyaman ya zo dubiya sau ɗaya, hannu rabbana, ya zauna a tabarmar Baba yana kaɗa kai. "Yaran yanzu ba sa jin magana," ya ce. "Mun sha gaya masa ganganci ba kyau." Baba ya yi masa godiya don bai san komai ba. Ni na sani, kuma tun daga ranar nake raina irin mutanen nan, 'yan ingiza mai kantu ruwa, raini irin wanda girma bai rage mini ko kaɗan ba.

Inna ta yi rantsuwa ba zan hau mashin ba. Na bi ta har na gama sakandare, na shiga garejin gyaran babura, daga nan abin ya fi ƙarfina da ita duka. Yau wasan mashin ne sana'ata. Muna da ƙungiya, ana ɗaukar mu wasa a bukukuwan kamfanoni da tallace-tallace, a fili mai shinge, da motar asibiti a gefe, kowa da rigar fata da hular da ta rufe fuska ruf. Tsayuwar nan a kan sirdi ina yin ta kusan kowane mako, don mashin ɗin wasa ana ƙara masa birkin baya na biyu a hannun hagu, ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba. Ranar da na fara ganinsa sai da na nemi wuri na zauna. 'Yan kallon Abuja sun fi na Nyanya turare da tsadar takalmi, amma da na hango wayoyinsu a sama na san abin da suke jira, don bidiyon faɗuwa ya fi yawo. Ciyaman ma yana nan a bencinsa, ya tsufa bai yi hankali ba, yana gaya wa mutane su suka raine ni.

Na mai da su Inna Lugbe, gida mai famfo a ciki, babu layin burtsatse, babu ƙaurin man ƙosai. Duk da haka sau da yawa nakan ji da ma a mai da ni waccan barandar, da bokiti da soso, ina wanke mashin, mai shi yana tsaye a kaina yana cewa na bar laka a bayan taya. Kwanan baya na zauna kusa da Yaya Sabo a ƙofar gida na nuna masa bidiyon wasana a waya. Bai gane ni ba saboda hular. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Wannan ya iya. Wa ya koya masa?" Na ce wansa ne. Ya tambaya ko wan yana nan da rai, na ce yana nan. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini wayar, ya ce, "To, in ka gan shi ka ce ina gaishe shi."

Har yau ban san inda zan kai wannan gaisuwar ba.